Filin Tambaya da Amsa: Ƙarfe mai laushi, inda yake da amfani da inda bai dace ba

Assalamu alaikum jama'a. Wannan makon kusan duk tambayoyin da suka shigo a kan ƙarfe ne, yawanci daga 'yan uwanmu na Suame Magazin da Aboabo da Asawase a Kumasi, sai guda biyu daga Akra. Na haɗa waɗanda suka yi kama da juna saboda fili, wanda bai ga tasa ba ya yi haƙuri.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni yaron shago ne a Magazin, ina koyon ƙira da walda. Na yanki guntun rodi na ƙera cizil, na gasa shi ya yi jawur na tsoma a ruwa kamar yadda na ga mastana yana yi, amma bugu biyu bakin ya lotse. Na sake gasawa na sake tsomawa, duk ɗaya. Ruwan ne bai yi sanyi ba ko wutar ce ba ta isa ba?

AMSA: Ƙanena, ba ruwan ba ne kuma ba wutar ba ce, ƙarfen ne ba na wannan aikin ba. Ko cikin ruwan ƙanƙara ka tsoma shi haka zai fito. Abin da ke sa ƙarfe ya sha ruwa ya yi tauri shi ne kabon, wato sinadarin gawayi, da ke cikinsa, kuma wannan da ka ɗauka, wanda a shago ake ce wa mayil sitil, kabon ɗinsa kashi 0.05 ne zuwa 0.25 cikin 100. Wato a kilo 100 na ƙarfe, kabon ɗin bai wuce kwatan kilo ba. Daga 0.3 zuwa 0.6 shi ne matsakaici, irin wanda ake yin shaf da giya da shi, daga 0.6 zuwa sama kuma shi ne na sifirin da magagari da wuƙa. In ya haura kashi 2 an shiga kas kenan, ƙarfen zubi irin na faifan nika-nika da bulok ɗin inji, mai gautsi, in ya faɗi da ƙarfi sai ya fashe.

In ka gasa ƙarfe ya yi ja sosai, kabon ɗin narkewa yake yi ya bazu a cikinsa duk da ƙarfen bai zama ruwa ba, to in ka sanyaya shi farat ɗaya sai kabon ɗin ya rasa hanyar komawa inda ya fito ya maƙale, maƙalewar nan ita ce taurin. Kaga in kabon ɗin ɗan kaɗan ne babu abin da zai maƙale ɗin. Shi ya sa mastanka in zai yi cizil ko adda ko gatari ba ya zuwa wurin masu sayar da rodi, wurin 'yan kondem, masu sayar da tsofaffin ƙarafa, yake zuwa ya nemo tsohon sifirin mota ko tsohon magagari. Ka lura da kyau gobe, za ka ga haka ne.

Da sifirin ma akwai ƙa'ida. Ka gasa har maganaɗisu ya daina kama shi, wannan wajen digiri 770 ne, ka ɗan ƙara wuta kaɗan, sai ka tsoma a mai, ba a ruwa ba, don ruwa na iya tsaga shi. Daga nan ka goge bakin ya yi haske ka sake ɗumama shi a hankali daga baya kana kallon kalar tana tafiya, in bakin ya kai tsakanin ruwan ƙasa da shunayya sai ka sake tsomawa ya huce. In ka tsallake wannan ɗumamawa ta biyu cizil ɗin zai yi tauri amma zai ɓalle, ɓallin kuma ido yake nema.

Yadda za ka gane ƙarfe tun kafin ka ɓata gawayinka, ka ɗora shi a giranda ka kalli tartsatsin. Mai laushi tartsatsinsa dogaye ne miƙaƙƙu, ƙarshensu bai cika fashewa ba. Mai kabon da yawa tartsatsinsa ya fi yawa kuma yana ta fashewa reshe-reshe. Na kas gajere ne ja-ja. Ka ajiye guntun rodi da guntun sifiri da guntun kas a gefen giranda kana gwada sabon ƙarfe da su, ido zai saba.

Akwai dai hanyar da ake taurara fatar mayil sitil a bar cikin da laushinsa, ana yi wa fin da bushin da ƙananan giya. Ana saka kayan a akwatin ƙarfe a cika da garin gawayi, wasu na haɗawa da ƙonannen ƙashi, a liƙe murfin da yumɓu, a riƙe shi a wuta wajen digiri 900 zuwa 930 na awanni da dama, kabon ɗin gawayin ya ratsa fatar, sannan a ba shi ruwa. Amma zurfin da kyar yake kai milimita 1, don haka ga abin da za a riƙa wasawa kamar wuƙa ko cizil bai da amfani, wasa biyu ka cinye taurin. Kuma don Allah in wani ya kawo maka gishirin sayanayid wai na taurara ƙarfe kada ka taɓa, guba ce mai kisa, ba kayan buɗaɗɗen shago ba ce.

TAMBAYA: Masta ina gaisuwa. Ina aiki a kan lez, injin fere ƙarfe, a Suame. In na fere EN8, ƙarfe mai matsakaicin kabon, yana fita sumul, amma in na ɗora mayil sitil wanda ya fi shi laushi sai fuskar ta fito kaca-kaca kamar an yage ta, ga ɓawon yana fitowa dogo yana nannaɗe aikin. Ya abin da ya fi laushi zai fi ba da wahala?

AMSA: Ɗan uwa wannan tambaya ta yi min daɗi, don mutane da yawa sun ɗauka laushi shi ne sauƙin yanka, alhali ƙarfe mai laushi danƙo gare shi. Maimakon ɓawon ya karye ya faɗi sai ya yi ta miƙewa, wani ɓangarensa kuma ya manne a bakin tul ɗin, wato abin yankan, kamar yadda tuwo ke manne wa muciya, ya taru ya zama shi ne yake yankan ba bakin tul ɗin ba, can ya ɓalle ya tafi da fuskar aikin, wani ya sake taruwa. Abin da kake gani kenan. Ka tsayar da injin ka duba bakin tul ɗin a haske, za ka ga ɗan dunƙulen ƙarfe a liƙe.

Babban abin da ke kawo shi gudu ne da bai dace da tul ɗin ba. In tul ɗinka HSS ne, wanda kake wasawa da kanka, gudun yankan mita 25 zuwa 30 ne a minti. In kabayid ne, irin mai tif ɗin nan, yana son mita 120 zuwa 200 a minti, kuma a nan ne yawancinmu ke kuskure, mutum ya sa tif ɗin kabayid amma ya bar injin a gudun HSS don yana tsoron kada tif ya ƙone tunda da tsada, alhali jan ƙafar ne ke sa mannewar, mannewar kuma ita ke ɓallar da bakin tif ɗin. Lissafin ba wuya, ka ninka gudun yankan da 318 ka raba da kaurin ƙarfen a milimita. Misali ƙarfe mai kaurin milimita 50, da HSS a mita 30 zai ba ka juyi wajen 190 a minti, da kabayid a mita 150 kuma wajen 950. Kaga tazarar ba kaɗan ba ce. In injin naka tsoho ne ba ya iya wannan gudun ba tare da karkarwa ba, to gara ka koma HSS mai kaifi sosai, ka ba saman bakin gangara kamar digiri 10 zuwa 15, ka ɗan zagaye tsinin, ka goge da dutsen mai. A tsofaffin injina da yawa wallahi HSS ya fi ba da fuska mai kyau a kan wannan ƙarfen.

Na biyu, yankan ƙarshe kada ya zama shafa. Wasu sai su bar milimita 0.1 wai don ya fito da kyau, sai tif ɗin ya yi ta gugar ƙarfen ba ya yanka. In zagayen tsinin tif ɗinka 0.4 ne to ka bar aƙalla 0.4 ko 0.5 na yankan ƙarshe, turawa kuma 0.1 zuwa 0.15 a kowane juyi. A yankan farko ka tura 0.2 zuwa 0.3, ɓawo in ya yi kauri ya fi saurin karyewa. Ka tabbatar bakin tul yana daidai tsakiyar aikin, kuma in aikin ya fito daga cok, wato abin da ke riƙe shi a inji, fiye da ninki 3 na kaurinsa ka tallafe shi da senta ta baya. Ruwan sanyaya kuwa, man nan da ake haɗawa da ruwa ya koma fari, kashi 1 na mai a kashi 20 na ruwa ya isa, amma ya riƙa zuba ba yankewa, kabayid ba ya son a bari ya yi zafi sannan a watsa masa ruwa.

Wani abu kuma, baƙin ƙarfe da aka murza da zafi yana da ɓawo mai tauri a bayansa, yankan farko ka shiga ƙarƙashin ɓawon gaba ɗaya in ba haka ba zai dakusar da tul. Mai ƙyalli da aka ja da sanyi, irin 1018 ko EN3B, girmansa ya fi daidaito amma in ka yanke gefe ɗaya kawai, misali ka fitar da dogon gurbin ki, yana iya lanƙwashewa da kansa. In kuma aikin ƙananan abubuwa ne masu yawa da ba za a yi musu walda ba, ka nemi EN1A, an ƙara masa farar wuta don ɓawon ya riƙa karyewa, daɗin fira gare shi sosai, sai dai ba ya son walda.

Wurin huda ma haka ne, diril na milimita 10 juyi wajen 800, na milimita 20 wajen 400, kana ɗagawa kana fitar da ɓawo. In za ka yanka zare, M8 ka huda 6.8, M10 ka huda 8.5, M12 ka huda 10.2, ka sa mai, kana juyawa gaba kana ɗan komawa baya.

Dogon ɓawon nan kuma ina roƙonka da yaranka, kada wanda ya sa hannu ya ja shi inji na juyawa, kaifinsa ya kai reza kuma yana fizgar yatsa. A tsayar da inji a ja da ƙugiya. Ba safar hannu, ba zobe, ba doguwar riga a gaban lez, ko ranar Juma'a ce an dawo daga masallaci a canza kaya tukuna.

TAMBAYA: Salam. Ni mace ce, ina da nika-nika a Aboabo. Shaf ɗin injina ya karye na kai aka fere min sabo, bai daɗe ba ya lanƙwashe, wurin boris kuma ya cinye. An ce min wai ƙarfen jabu aka sa min. Gaskiya ne?

AMSA: Hajiya sannu da ƙoƙari, Allah ya mayar da alheri. Ba lallai jabu ba ne, mai yiwuwa ƙarfe ne mai kyau aka sa shi inda ba wurinsa ba. Mayil sitil na gini irin A36 yana fara lanƙwasa ta dindindin a wajen megafaskal 250, wato ma'aunin ƙarfin da ke jan ƙarfe ko danne shi, ga shi fatarsa ba tauri, to shaf da ke ɗauke da jan bel da dukan niƙa dare da rana yana son ƙarfe mai matsakaicin kabon, EN8 ko 1045, in aikin mai nauyi ne sosai EN19. In za ki koma ki faɗa wa mai lez ɗin da bakinki cewa EN8 kike so, ki yarda ki biya bambancin kuɗin, domin gaskiya sau da yawa mu masu kai aiki mu ne ke matsa wa mai sana'a da ciniki har ya ɗauko abin da ya fi araha. Sannan a duba bel ɗin kada a ɗaure shi fiye da kima, a duba ko fulin biyu suna kan layi ɗaya, don ko shaf mai kyau ne waɗannan na iya kashe shi.

Ki sa a duba notikan ma. A kan yawancin bol akwai lamba, 4.6 ko 4.8 na ƙarfe mai laushi ne, 8.8 ƙarfinsa wurin ja ya ninka na 4.6. Inda injin ya zo da 8.8 kada a musanya da ƙarami.

TAMBAYA: Malam ni mai walda ne a Nima. Tambayata biyu ce. Wani lokaci in na haɗa ƙarfen kondem da sabon angul sai waldar ta tsage a gefe bayan ta huce, har ƙara nake ji. Na biyu, in na yi waldar farin fayif sai in kwana da zazzaɓi, abokan aiki sun ce in riƙa shan madara.

AMSA: Ɗan uwa, a wurin walda ne mayil sitil ya fi kowane ƙarfe kirki, kuma dalilin shi ne dai wancan da ya hana cizil ɗin ƙanenmu na sama yin tauri. Tunda ba ya shan ruwa, gefen waldar ba ya taurara in ya huce, shi ya sa kake haɗa get da bogila da kontena da bodin aboboya, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, da ilektirod 6013 hankali kwance, ba gasawa ba komai. Geji 12 wato milimita 2.5 wuta amfiya 60 zuwa 90, geji 10 wato 3.2 kuma 90 zuwa 130, ya danganta da kaurin aikin da yadda wutar unguwarku take a ranar.

Ƙarfen kondem kuwa ba ka san asalinsa ba. In tsohon aksul ne ko shaf ko sifiri, kabon ɗinsa da yawa, zafin walda ya gasa gefen, sauran jikin ƙarfen mai sanyi ya tsotse zafin da sauri, ka ba shi ruwa kenan ba ka sani ba, sai wurin ya yi gautsi ya tsage lokacin da waldar ke tsukewa. Ƙarar da kake ji kenan. Ka fara gwada shi a giranda. In mai kabon ne kuma dole sai an haɗa, ka ɗumama shi tukuna zuwa digiri 150 ko 250, ka yi amfani da 7018 busasshe wanda bai sha iska ba, in ka gama ka binne aikin a busasshen yashi ko toka ya huce a hankali. Kas kuma ilektirod ɗinsa daban, mai nikel. Amma sifirin mota da kayan sitiyari da aksul na motar da za ta ɗauki mutane, ko nawa za a biya ka kada ka yi musu walda, ka ce a sayo wani, ran mutane ne a kai.

Farin fayif kuma mayil sitil ne aka tsoma a narkakkiyar tutiya a wajen digiri 450 don kada ya yi tsatsa. Wutar walda na ƙona tutiyar ta tashi farin hayaƙi, shi kake shaƙa, bayan 'yan awanni sai zazzaɓi da ciwon jiki da ɗanɗanon ƙarfe a baki. Madara ba ta hana wannan, ita ciki take zuwa, hayaƙin kuma huhu. Ka goge tutiyar da giranda kamar santimita 3 zuwa 5 a kowane gefe kafin ka fara, ka yi aikin a fili iska na kaɗa hayaƙin gaba ba fuskarka ba, ka sa abin rufe hanci na ainihi mai tacewa. In numfashi ya fara yi maka wuya ko tari ya ƙi tafiya ka je asibiti ka faɗa musu aikin da kake yi.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina gini a wajen Teshi kusa da teku. Get ɗin maƙwabcina bai daɗe ba tsatsa ta huda ƙasansa. Me zan yi nawa ya daɗe, kuma ya zan gane ba a rage min kaurin fileti da rodi ba?

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya sa a gama lafiya. Tsatsa ita ce babban raunin mayil sitil, kuma iskar teku mai gishiri irin ta Teshi da Nungua da Tema tana cinsa fiye da yadda damina biyu ta Kumasi ke yi. In da hali a yi maka da farin ƙarfe mai tutiya, wuraren da aka yi walda a shafa musu fenti mai tutiya. In baƙin ƙarfe ne to sirrin yana wurin shiri, a kankare ɓawo da tsatsa da dattin walda tas, a goge maiƙo, a shafa jan fenti na ƙasa sau 2 a ranar da aka goge ba sai an kwana ba, sannan fentin mai a sama. A toshe bakin fayif na sama, na ƙasa a huda masa ƙaramin rami ruwa ya riƙa fita, domin yawanci daga ciki tsatsar ke farawa, kuma kada ƙasan get ya zauna cikin ƙasa ko inda ruwa ke kwanciya.

Maganar kauri kuma sikeli zai raba gardama. Fileti mai ƙafa 4 da ƙafa 8, kowace milimita 1 ta kauri nauyinta wajen kilo 23.4 ne, don haka mai milimita 2 ya kamata ya kai kusan kilo 47, mai milimita 3 kuma kilo 70. Rodi kuwa ka ninka kaurinsa a milimita da kansa ka raba da 162, zai ba ka nauyin mita 1, na 12 kilo 0.89, na 16 kilo 1.58, sai ka ninka da tsawonsa. Akwai na 11.5 a kasuwa, a ido kamar na 12 amma namansa ya ragu da wajen kashi 8 cikin 100. Kuma rodi iri biyu ne, mai laushi na megafaskal 250 da mai ƙarfi na 460 ko 500, in injiniyanka ya rubuta mai ƙarfi a ginshiƙi da dakin, wato rufin kankare, to kada birkila ya canza maka da mai laushi don ya fi daɗin lanƙwasawa. Ka je wurin sayen da kanka ko ka tura wanda ka yarda da shi, da sikeli da abin auna kauri, a auna a gabanku kafin a loda a mota.